Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ɗora wayoyin ofis a kan IPv4 da IPv6 tare

A watan nan kaɗai sau uku ana kirana in je in duba wayoyin ofis da suka rikice bayan an kunna musu IPv6. Ɗaya a Unguwar Rimi, ɗaya a Kakuri, na ukun a wani bene da ke kan titin Ahmadu Bello, duk a Kaduna. Duka ukun matasa ne masu hazaƙa suka yi aikin, kuma biyu daga cikinsu ramin da na taɓa faɗawa shi suka faɗa. Na gaji da maimaita bayani ɗaya a tsaye a gaban akwatin kebul ana zufa, shi ya sa na zauna in rubuta shi.

Ina magana ne a kan na'urar da ke raba kira a ofis, wadda muke ce wa PBX, musamman mai tafiya da Asterisk ko FreePBX, don su na fi taɓawa. Dalilin da ya kawo maganar sananne ne. IPv4 shi ne tsohon tsarin adireshin na'urori a intanet, IPv6 sabon. Adireshin IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kawai, babban rumbun duniya ya ƙare tun Fabrairun 2011, ita ma AFRINIC da ke rabon na Afirka tun 2017 take tsimin abin da ya rage. Shi ya sa masu sayar mana da intanet ke cusa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT. In ka leƙa rawutarka ka ga adireshinta na waje ya fara da wani abu tsakanin 100.64 da 100.127, to kana ciki, kuma ba ka da ikon buɗe ƙofar da wayar reshenku na Zariya ko Kafanchan za ta shigo. Tun da Starlink ta zo Najeriya a farkon 2023 ofisoshi da dama suka wayi gari da IPv6 a hannu, mafita ta samu. Sai dai kamfanin da ke ba ka layin kiran waje mai yiwuwa har gobe IPv4 kaɗai yake ji, haka ma tsofaffin wayoyin tebur. Dole a riƙe biyun tare.

Abin da ƙannenmu suka kasa sa wa a rai shi ne biyun nan ba sa jin yaren juna. Kebul ɗaya suke bi, amma kowanne da ƙofarsa da maigadinsa. Duk abin da ka yi wa ɗaya, sai ka sake yi wa ɗayan da hannunka.

Zan fara da wanda ya fi ƙona ni. Wani Alhaji mai harkar sufuri ya ba ni aikin wayoyin ofishinsa, tebur goma sha biyu da layin waje. Ɓangaren IPv4 na yi shi tsaf. Na rufe komai da iptables, katangar tsaro ta Linux, ƙofa 5060 na bar ta ga adireshin mai ba da layi kaɗai, na sa fail2ban, mai korar masu yawan gwada kalmar sirri, yana gadi. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah ya ce yana so manajansa ya riƙa amsa kiran ofis daga gida lokacin hutu. Na kunna IPv6, na ba sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da PBX ɗin, adireshi, na sa mata suna a DNS, kundin da ke haɗa suna da adireshi, muka gwada, kira ya shiga. Daga nan na wuce Zango sayen rago.

Ranar da aka koma aiki ya kira ni da sassafe. "Injiniya, zo ka ga abin da wayarka ta yi mini." Na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Ya ce in dai zo. Kuɗin da ya zuba a layin waje, wanda ya saba kai shi wata biyu, babu ko kwabo. Rajistar kira cike take da lambobin ƙasashen da ba shi da kowa a can, dare da rana, tun daren Sallah.

Ga abin da ya faru. Shi iptables ba ya ganin IPv6 ko kaɗan. Akwai ɗan'uwansa ip6tables, kuma shi a buɗe na bar shi kamar yadda ya zo. A IPv4 mun saba NAT, wato tara na'urorin ofis a bayan adireshi ɗaya na rawuta, yana ɓoye mana saba ko da mun yi sakaci, har muka ɗauka shi ne katangar tsaro. A IPv6 babu wannan labulen, sabarka tana da adireshinta na duniya, in rawuta ba ta tare ba kowa zai iya ƙwanƙwasa mata. Shi kuma fail2ban ɗin da na dogara da shi tsoho ne, sai daga siga ta 0.10 ya fara sanin IPv6, saboda haka suna ta gwada kalmomin sirri shi bai ma san ana yi ba. Ƙari a kan haka akwai wata lambar ciki ta gwaji da na manta ban goge ba, da kalmar sirri mai sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa tsaga uku na bari. Na biya kuɗin daga aljihuna. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne mutumin ya yarda da ni ya ba ni mabuɗin ofishinsa, ga yadda na saka masa.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan yaro ya ce mini, "Oga, ai adireshin IPv6 yawa gare shi, ba wanda zai lalubo mu." Gaskiya ne yanki ɗaya na /64 yana ɗauke da adireshi fiye da biliyan 18 sau biliyan, ba mai bin su ɗaya bayan ɗaya. To amma wa ya ce maka bi suke yi? Kai da kanka ka rubuta sunan sabar a DNS. Kai ka ba ta adireshin da ya ƙare da ::1 ko ::10 don ka ji daɗin tunawa, su kuma waɗannan suke fara gwadawa. In ka karɓi takardar shaidar TLS, wadda ake ɓoye sirrin saƙo da ita, sunan yana shiga kundin da kowa ke iya karantawa. Ka daina wannan magana, ƙanena.

Ni yanzu ba na ba wa saba adireshin IPv6 sai na gama rubuta dokokin katangarta. Na koma nftables, magajin iptables, da tebur irin na inet, wanda doka ɗaya ke hawa kan biyun, don kada in sake manta ɗaya. In rawutar MikroTik ce, ka sani katangar IPv4 da ta IPv6 wuri daban-daban suke, ka buɗe ta biyun ka gani da idonka ko akwai doka a ciki. Bayan haka ina fita daga ofis ɗin, in hau wani intanet ɗin dabam mai IPv6, in gwada shiga kamar baƙo. Kiran ƙasar waje kuma a rufe nake barin sa sai ga tebur ɗaya ko biyu da mai ofis ya ambata da bakinsa. Wasu abokan aiki na ganin na cika tsanani. Ni na san abin da na biya.

Wanda ya ji wannan labari kuma sai ya zarce, ya toshe har da ICMPv6 don ya saba toshe ping. Kada ka yi. Da shi na'urori ke gano maƙwabtansu da rawutarsu, da shi ake sanar da mai aikawa cewa ƙunshinsa ya yi girma. A IPv6 rawutocin kan hanya ba sa gutsuttsura ƙunshi, in ya fi ƙarfin hanya jefar da shi suke su aiko da saƙo. Ka toshe saƙon, sai ka ga waya ta yi rajista lafiya amma kira ya ƙi shiga, domin saƙon fara kira ya fi na rajista girma. Ƙa'idar SIP, yaren da wayoyi ke ƙulla kira da shi, ma cewa ta yi saƙon da ya haura bayit 1300 a bi da shi ta TCP. Ni ina rage jerin kodek, wato hanyoyin tsara murya don aikawa, zuwa biyu ko uku, wayoyin nesa kuma in sa su a TLS ta ƙofa 5061.

Na biyu da ya wahalar da ni bai ci kuɗi kamar na farko ba, kwana uku ya ci da mutuncina. Wani ofis ne a Barnawa. Sakatariya ta kira maigidan ofis, wayar ta yi ƙara, ya ɗauka, shiru. Ta kira akawu, murya tas. Akawu ya kira maigida, shiru. Kiran waje kuwa duk lafiya. Na canza kebul, na canza siwic, na sauya kodek, har na ɗauko wata waya daga shagona na maye gurbin tasa. Kowace safiya Hajiyar da ke kula da ofis ɗin sai ta ce, "Injiniya, yau za a gama kuwa?" in ce in sha Allah, ban san inda matsalar take ba.

A rana ta uku na yi abin da ya kamata in yi a awa ta farko, na buɗe sngrep, manhajar da ke nuna saƙonnin SIP, na karanta su. Kira kashi biyu ne. SIP ne ke ƙulla shi, ita kuma murya RTP ke ɗaukarta, a Asterisk yawanci ta ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000. A cikin saƙon ƙulla kira akwai layin da kowace waya ke faɗin inda za a aiko mata murya. Na sakatariya an rubuta c=IN IP4, na maigida c=IN IP6. Sabuwar wayarsa ta yi rajista ta IPv6, tsofaffin suna IPv4. A PJSIP kuma, ɓangaren Asterisk mai kula da SIP, direct_media a kunne yake zuwa, wato da zarar an ɗauki kira sai sabar ta ce wa wayoyin biyu su riƙa aika wa juna murya kai tsaye, ta janye jikinta. Ta haɗa mutum biyu da ba sa jin yaren juna, tafinta ya tafi. Na sa direct_media=no, murya ta koma bi ta cikin sabar, shiru ya ƙare a minti biyu. Tun daga ranar duk ofis ɗin da ke da adireshi iri biyu a kashe nake barin sa. Nauyin da zai ƙara wa saba a ofis mai tebur ashirin ko talatin ba abin damuwa ba ne.

A nan zan yi faɗa. Yaranmu ba sa karanta saƙon kira. Abu ya lalace, sai a kashe a kunna, a kashe a kunna, a ce "netwok ne". Umarnin pjsip set logger on yana nan kyauta, sngrep yana nan kyauta. Wanda bai iya duba layin c= ya faɗi inda murya za ta je ba, bai kai a bar masa wayoyin ofishin mutane shi kaɗai ba tukuna, ko da satifiket nawa ya tara.

Sauran ƙanana ne, zan bi su da sauri. PJSIP yana son hanya biyu, ɗaya mai bind=0.0.0.0 ɗaya mai bind=::, kuma bayan ka taɓa su sai ka sake tada Asterisk gaba ɗaya, sabuntawa kawai ba ta isa. In har yanzu kana kan chan_sip, tsohon da PJSIP ya gada, an cire shi daga Asterisk 21 a 2023, ka yi ƙaura tun kafin ka fara wannan aiki. Adireshin IPv6 a cikin adireshin SIP sai an sa shi a baka mai kusurwa, kamar sip:101@[2001:db8::10]:5060, in ba haka ba na'ura ba ta san inda adireshi ya ƙare lambar ƙofa ta fara ba. Adireshin da ya fara da fe80 bai wuce siwic ɗinku, kada ka ba wa reshe shi. Ka kashe SIP ALG, mai sauya saƙonnin SIP a kan hanya, a rawuta. Ka sa yankinku na IPv6 a jerin waɗanda aka amince su yi rajista, don na ga wanda ya kulle kansa waje da hannunsa.

Akwai biyu da suka ɗan fi waɗannan nauyi. Kada ka sa wa suna rikodin AAAA, wanda ke haɗa suna da adireshin IPv6 a DNS, sai IPv6 ɗin ya gama aiki. Burauzar kwamfuta tana gwada hanyoyin biyu ta bi wadda ta fara amsawa, amma wayoyin tebur da yawa ba su da wannan wayo, za su kama IPv6 ɗin da ya mutu su yi ta jira. Ni suna biyu nake yi lokacin gwaji, ɗaya na kowace hanya, sai na gamsu nake haɗa su. Na biyun, saba ba ta zama da adireshin da ke canzawa. Ka kashe mata adireshin wucin gadi, ka ba ta tsayayye, ka kuma tambayi mai ba ka intanet ko yankin da ya ba ka yana sauyawa. In yana sauyawa, wayoyin cikin ofis ka sa su a adireshin gida mai farawa da fd, na waje su bi suna.

Ka ƙara lissafin faɗin hanya kaɗan. Kan ƙunshin IPv6 bayit 40 ne, na IPv4 20, saboda haka kira mai kodek G.711 yana tashi daga kilobit 80 zuwa 88 a daƙiƙa, na G.729 daga 24 zuwa 32. Dokar fifita murya da ka sa a rawuta, mai alamar DSCP 46, ita ma duba ko ta hau IPv6.

Na ofis ɗin Kakuri da na ambata shi ne na wuta. Kullum aka ɗauke wuta aka tada janareta, wayoyin reshe sai su ɓace har wani ya zo ya sake tada sabar. Yaron ya ɗaure Asterisk a kan takamaiman adireshin IPv6, sabar kuma tana riga rawuta tashi, sai Asterisk ya nemi adireshin bai same shi ba, ya ci gaba da IPv4 kaɗai bai ce wa kowa komai ba. Muka mayar da shi bind=::, muka sa rawutar da sabar a kan inbata ɗaya. Ni kafin in karɓi cikon kuɗina a kowane aiki sai na zare wutar komai sau biyu a gaban mai ofis, in jira su tashi da kansu, in duba pjsip show transports in ga hanyoyin biyu, sannan in sa tsohuwar waya ta kira sabuwa, sabuwa ta kira reshe, reshe ya kira waje, kowanne a yi magana a ji murya ta ɓangarorin biyu.