Yadda Ake Neman Bayanai Daga Hukumar Gwamnati a Nijeriya

A ranar 28 ga watan Mayun 2011 ne Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, bayan shekaru da dama ana fafutukar samar da ita, har ma Majalisar Tarayya ta taɓa amincewa da ƙudurin a 2007 amma Shugaba Olusegun Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba. Dokar ta ba kowane mutum damar neman takardu da bayanan da ke hannun hukumomin gwamnati, kuma sashe na 1 ya fayyace cewa ba dole ba ne mai nema ya faɗi dalilinsa. Duk da haka, wasu daga cikin buƙatun da ke mutuwa a kan teburin ma'aikata suna mutuwa ne saboda yadda aka rubuta su da kuma yadda aka miƙa su.

Matakin farko shi ne ka tantance hukumar da takardar take hannunta. Dokar ta shafi ma'aikatu da hukumomin ɓangaren zartarwa da majalisa da kotuna, haka kuma ta haɗa da kamfanoni masu zaman kansu da ke amfani da kuɗin gwamnati ko suke gudanar da aikin da ya shafi jama'a. An daɗe ana jayayya a kan ko ta hau kan jihohi, domin wasu gwamnatocin jihohi sun yi ta cewa sai majalisunsu sun amince da ita tukuna, amma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga Jihar Edo, cewa dokar tana aiki a kan jihohi ma. Idan ka kai buƙatarka inda ba nan ya dace ba, sashe na 5 ya ba hukumar damar tura ta inda ya dace tare da sanar da kai a rubuce, sai dai gara ka sauka a ƙofar da ta dace tun farko.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne buƙatar natsuwa, shi ne rubuta wasiƙar. Ka nemi takarda takamaimiya, kada ka nemi bayanin ra'ayi ko dalilin wani hali. Mu ɗauka an ware kuɗi a kasafin wata shekara domin gina ƙaramin asibiti, shekara ta ƙare ba a wuce aza harsashi ba. Wanda ya rubuta cewa yana son a faɗa masa dalilin da ya sa aikin ya tsaya, ya ba jami'i damar amsa masa da layi biyu na "ana duba lamarin". Wanda ya san abin da yake yi zai nemi kwafin takardar bayar da kwangilar, da sunan kamfanin da aka ba, da jimillar kuɗin, da takardun da ke nuna abin da aka biya da ranakun biyan, da rahoton jami'in da ya duba aikin. Waɗannan takardu ko suna nan ko ba sa nan, kuma kowace daga cikin amsoshin biyu labari ce a kanta. Ka jera buƙatunka da lamba, ka iyakance su da shekara ko wata, ka ambaci cewa kana nema ne a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, sannan ka sa adireshin da za a aiko maka amsa. Kada ka cusa zargi ko baƙar magana a ciki, domin wataƙila wata rana alƙali ne zai karanta wasiƙar.

Wanda bai iya rubutu ba, ko mai wata nakasa da ta hana shi, sashe na 3 ya yarda wani ya nema a madadinsa. Idan kuma mutum ya je ya nema da baki, jami'in da ya saurare shi ne zai rubuta buƙatar ya ba shi kwafi.

Mataki na uku shi ne miƙa wasiƙar, kuma a nan mutane da yawa suke sakaci. Ka rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar ko babban sakataren ma'aikatar, ka buga kwafi biyu, ka kai ofishin karɓar wasiƙu. Kada ka bar wurin sai an buga hatimin karɓa a kan naka kwafin, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Sau da yawa za ka ji an ce mai hatimin ya fita, ka ajiye ka dawo gobe. To, ka zauna ka jira shi, ko ka koma da wasiƙarka ka sake zuwa. Idan ta kamfanin aika saƙo ka tura, ka adana rasit da shaidar isarwa. Daga ranar da ke jikin hatimin ake fara ƙirga wa'adin da doka ta ba hukumar ta amsa, kuma wanda ba shi da shi ba shi da abin nunawa a kotu.

Daga nan sai ƙirgen kwanaki. Sashe na 4 ya ba hukuma kwana 7 ta bayar da bayanin ko ta ƙi a rubuce. Tana iya ƙara wasu kwanakin da ba su wuce 7 ba idan takardun suna da yawa ko ana buƙatar tuntuɓar wasu, amma sai ta sanar da kai. Kuɗin da za a caje ka bai wuce na yin kwafi da kwafe rubutu ba, kamar yadda sashe na 8 ya tanada.

Idan aka ƙi, ka karanta dalilin da kyau, domin dole ne hukumar ta ambaci sashen da ta dogara da shi. Akwai abubuwan da doka ta yarda a riƙe, kamar abin da zai cutar da tsaron ƙasa ko hulɗa da ƙasashen waje, da binciken laifi da ake kan yi, da bayanan sirri na mutum, da sirrin kasuwanci, da abin da ke tsakanin lauya da wanda yake karewa ko likita da majinyaci. Amma a yawancin waɗannan, dokar ta ce a bayar idan amfanin da jama'a za su samu ya rinjayi illar bayarwar, kuma sashe na 18 ya ce idan wani ɓangare na takarda ne kawai ya shiga cikin abin da aka keɓe, a cire shi a ba ka sauran. Tsohuwar hujjar nan ta cewa takarda tana ɗauke da tambarin "sirri" ma ba ta wadatar ba ita kaɗai, domin sashe na 28 ya ce wannan bai hana a bayar da ita ba. Shiru kuwa, wanda shi ne amsar da aka fi samu, doka ta ɗauke shi a matsayin ƙin bayarwa da zarar wa'adin ya cika.

Mataki na ƙarshe shi ne kotu. Kana da kwana 30 daga ranar da aka ƙi, ko ranar da wa'adin ya ƙare, ka shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotun Jiha. Wasu sukan ɓata wannan lokaci wajen aika wasiƙun tuni ɗaya bayan ɗaya. Tuni ɗaya ya isa, kuma ya kamata ya tafi ne kana riga kana magana da lauya. A gaban alƙali, nauyin kawo hujja yana kan hukumar, ita ce za ta tabbatar cewa tana da hurumin hanawa. Idan aka tabbatar an hana ba bisa ƙa'ida ba, akwai tarar naira 500,000 a kan jami'in ko hukumar, kuma jami'in da ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kafin ya bayar yana fuskantar ɗaurin aƙalla shekara 1. Abin da lauyanka zai fara tambayarka shi ne kwafin wasiƙar mai hatimi, da duk wata amsa da aka aiko maka tare da ambulan ɗinta.