Yadda na magance mutuwar Datsun 240Z da rana tsaka

Alhamdulillahi, motata Datsun 240Z ƙirar 1972 da nake farfaɗowa a gida ta daina mutuwa. A da, da safe garau take, amma idan rana ta take, zafin Sakkwato ya haura digiri 40, sai ta soma shaƙewa ta mutu, ba ta tashi sai ta huce.

Na fara da kayan da ke ba injin wuta: na canza koyil da kwandensa, na saita ratar kontak a milimita 0.5, duk a banza.

Matatar mai ta gilashi da na ɗaura gab da kafireta ce ta tona asiri: kumfa zalla. Fetur ke tafasa cikin bututu. A wannan injin, kafiretoci biyun suna zaune ne saman manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin injin, farantin da ke kare su daga zafi kuwa babu shi.

Na yanko alminiyam mai kaurin milimita 1, na ɗaure tsakanin kafiretocin da manifol ɗin, na bar ratar yatsa ɗaya. Sai bututun da ke mayar da mai tanki: tsatsa ta toshe shi. Na kwance shi ta gefen tanki, na hura iskar kwamfaresa daga gaba har jar ƙura ta fita. Gyaran wannan bututun ne ya fi muhimmanci, don man da ke zagayawa ba ya tsayawa ya tafasa.

Bayan gyaran, ƙarfe biyu na rana na kai Boɗinga na dawo, ko tari ba ta yi ba.