"Paw" ko "hoof"? Inda muke tuntuɓe kan ƙafar dabba a Turanci

Na taɓa ba ɗalibai aikin rubuta labarin hawan sallah da Turanci, sai wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa dokin sarki ya ɗaga "paws" ɗinsa sama. Ban ga laifinsa sosai ba. Ƙamus ya duba a waya, ya ga an fassara kalmar da ƙafar dabba, doki kuwa dabba ne, shi ke nan. Amma duk Baturen da ya karanta jimlar, doki mai ƙafar kyanwa zai gani a ransa.

Daga bakinmu matsalar ta faro. A hirar yau da kullum, ƙafa ita ce ƙafa, ta mutum ce ko ta kaza ko ta kujera, tun daga cinya har tafi. Turanci kuwa sai ya dubi ƙirar abin da dabbar ke takawa da shi kafin ya sa masa suna. Abin da muke mantawa shi ne Hausa ma tana da wannan rabe-raben, mun dai rage amfani da shi ne. Muna da dagi, muna da kofato, muna da akaifa. Wanda ya fara tambayar kansa da Hausa, "wannan dagi ne ko kofato?" ya riga ya yi rabin aikin.

"Paw" ita ce dagi: tafin ƙafa mai tsoka mai laushi a ƙasa, da farata a gaba. Kyanwa, kare, zaki, damisa, kura, zomo, duk "paw" gare su. "Hoof" kuwa kofato ne, wato ƙafar da abu mai tauri ya rufe, irin ta doki da jaki da saniya da akuya da tunkiya. Kofaton doki da na jaki dunƙulalle ne, na saniya da akuya a rabe yake gida biyu, shi ake kira "cloven hoof". Jam'in "hoof" iri biyu ne, "hooves" da "hoofs", kuma dukansu daidai ne, don haka kada wani ya ja maka jan biro a kan ɗaya.

Kuskure na gaba shi ne haɗa dagi da abin da ke jikinsa. In kyanwa ta yakushe ka, da "claws" ta yi, wato akaifu. Za ka ga an rubuta "the cat scratched me with its nails" ko "with its fingers", ana ganewa, amma ba haka masu harshen ke faɗa ba. Na shaho da gaggafa da mujiya, tsuntsayen da ke fyauce abinci da ƙafa, suna da sunansu daban: "talons". Kaza dai "feet" gare ta, da "claws".

Sai dabbobin da ba su shiga ko'ina ba. Raƙumi ba shi da kofato irin na doki, yatsu biyu ne a kan wani faffaɗan matashi mai laushi da ke hana shi nutsewa cikin yashi, saboda haka "foot" ake cewa. Giwa ma "foot" ake ce wa tata. In za ka juya karin maganar nan ta sawun giwa da ya taka na raƙumi, "footprint" kake nema. Biri kuwa Turawa hannu da ƙafa suke ba shi kamar mutum, "hands" da "feet".

Furuci kuma wani babi ne. Harafin w na ƙarshen "paw" ba a faɗarsa. Kalmar tana fita ne kamar "poo" mai dogon o, irin wasalin da ke cikin ƙofa. Mu kuwa muna son karanta ta kamar "kau" ko "tau". Ga kuma tsohuwar rigimarmu da p da f. A Ingila, inda ba a furta r a ƙarshen irin waɗannan kalmomi, "paw" da "pour" da "pore" sautinsu ɗaya ne, kuma da zarar ka mai da p ta koma f, "four" mai sauraro zai ji. Gwada cewa "four paws" da sauri ka ji yadda ake ciki. Maganin mai sauƙi ne: rufe leɓɓa ruf kamar za ka ce "baba", sannan ka sake su da ɗan hucin iska. Riƙe takarda a gaban baki. In ta motsa sau ɗaya, ka dace. A rubutu kuma a kula da "paws" da "pause", sauti ɗaya ne, amma ta biyun dakatawa take nufi.

Wani ya taɓa rantse mini cewa gwanda ta samu sunan "pawpaw" ne don ganyenta ya yi kama da dagi. Labarin ya yi daɗi, sai dai babu alaƙa. Daga "papaya" sunan ya fito, ita kuma Sifaniyawa suka ɗauko ta daga harsunan mutanen yankin Karibiyan. A Amurka ma wata bishiya ce daban ake kira "pawpaw", don haka in gwanda kake so a can, "papaya" za ka ce.

Ita "paw" ɗin baƙuwa ce a Turanci. Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, kalmominsa suka yi ta kwarara cikin Turanci na tsawon ƙarnoni. A wajajen shekarar 1300 aka fara ganin wannan kalma a rubuce, daga "poue" ko "poe" ta tsohon Faransanci. Masana suna danganta ta da "poot" ta Holanci da "Pfote" ta Jamusanci, masu ma'ana iri ɗaya. "Hoof" kuwa 'yar gida ce, tun tsohon Turanci take nan, kuma 'yar'uwar "Huf" ce ta Jamusanci. "Talon" ma daga Faransanci ta zo, inda har yau take nufin diddige.

Inda na fi so a yi hattara shi ne lokacin da kalmar ta koma kan mutum. Ka kira hannun wani "paw", ko dai wasa ne tsakanin abokai ko kuma cin fuska. Wanda ya ce maka "get your paws off my phone" ba raha yake yi ba, ya mai da hannunka na dabba ne. In kuma aka yi amfani da ita a matsayin aiki, aka ce wani ya yi "pawing" wata mace, ana nufin ya tattaɓa ta ta hanyar rashin ɗa'a, zargi ne mai nauyi. Kada ka ɗauka tana nufin shafa kan yaro don lallashi. Abin dariya, a nan ne doki ya samu shiga: "the horse pawed the ground" daidai ne, wato yana tonon ƙasa da kofato kamar yadda ingarma ke yi in an ja masa linzami. Da ɗalibin nan nawa haka ya rubuta, da ban taɓa masa ba.

Akwai kuma "cat's paw", wadda na ga an fassara da dagin kyanwa a labarin siyasa, ma'ana ta ɓace gaba ɗaya. Daga tatsuniya ta samo asali, wadda marubucin Faransa La Fontaine ya shahara da ita a 1679: biri ya yi wa kyanwa daɗin baki ta riƙa zaro masa 'ya'yan itacen da ake gasawa a cikin wuta, shi yana ci, ita tana ƙona dagi. Mutumin da wani ke turawa ya yi masa aikin ƙazanta ke nan. A Hausa karen farauta za ka ce, kowa ya gane.

"Southpaw" kuma bahago ne, musamman a dambe da wasan besbol na Amurka, ɗan damben da ke sa hannun dama da ƙafar dama a gaba yana ajiye hagu don kisa, irin Manny Pacquiao na Filifin. Wannan kam ba zagi ba ce, ko a gaban mai ita ana faɗa.

A wajen mai abinci kuma, farfesun ƙafar saniya da muke kira "cow leg" a Najeriya, "cow foot" za ka fi gani a shagunan Landan. Ƙafar tunkiya ko ta alade da aka tanada don girki "trotters" ce, daga "trot", sassarfar dabba. Duba da kyau kafin ka saya, domin in an rubuta "trotters" kawai ba a faɗi dabbar ba, yawanci ta alade ake nufi.