Kurakuran da aka fi yi wajen saukewa, kunnawa da haɗa fina-finan da masoya suka sake tacewa

Akwai masoya fim da ke ɗaukar fim ɗin da ya riga ya fito su sake tace shi da kansu: wani ya cire wuraren da suka ja labari, wani ya mayar da fitowar da kamfani ya yanke, wani ya dunƙule kashi uku su zama ɗaya. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce ba a sayar da shi, kuma ana son mai kallo ya mallaki fim ɗin na asali. Tunda ba ya shiga kasuwa, daga hannu zuwa hannu yake yawo, shi ya sa yake iso mana Garwa, Marwa ko Kuseri a gutsuttsure. Yawancin fayilolin da ake gogewa da sunan sun lalace lafiyarsu ƙalau, kuma da tsadar forfen intanet a wajenmu, sake sauke giga uku ba ƙaramar asara ba ce.

Kuskuren farko tun wajen nema yake aukuwa. Sunan fayil ɗin fim ba ya ƙarewa da .exe ko .apk, kuma fim mai tsawon awa biyu ba zai zama mega biyar ba; duk wanda ya buɗe irin wannan, manhajar da bai sani ba ya saka wa na'urarsa. Haka kuma idan sunan fayil ya ƙare da .part ko .crdownload, saukewar ce ba ta kammala ba. Wannan ya fi damun fayil irin na MP4, domin sau da yawa bayanin da manhaja ke buƙata don ta karanta shi a ƙarshen fayil yake, don haka ko kaɗan ne ya rage ba zai buɗe ba. A ci gaba da saukewar daga inda ta tsaya, kada a goge a faro daga tushe.

Babban kuskuren, wanda ya fi kowanne cin kuɗin mutane, shi ne rashin bambance gutsattsari iri biyu. Idan ka ga sunaye kamar .part1.rar da .part2.rar, ko .001 da .002, wannan fayil ɗaya ne da aka yanka domin ya wuce iyakar girman da shafin ya yarda da ita. Telegram, alal misali, giga 2 yake karɓa daga asusun kyauta. Ba a kunna waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ba a kuma sa su cikin manhajar tace bidiyo. Ana tara su duka a wuri ɗaya ba tare da an taɓa sunayensu ba, sai a buɗe na farko kaɗai da 7-Zip ko WinRAR a kwamfuta, ko ZArchiver a waya, sauran su bi shi da kansu. Idan manhajar ta ce wani gutsure ya lalace, shi kaɗai za a sake saukewa. Iri na biyu kuwa shi ne fim ɗin da aka raba kashi-kashi, CD1 da CD2, wanda kowane kashi ke buɗewa da kansa. Wannan ne kawai ake haɗawa a matsayin bidiyo.

Nan ma ana yin ɓarna. Mutum zai zuba kashi biyun a manhajar tacewa ta waya, ta kwashe awanni tana sake matse hoton, wayar ta yi zafi, cajin ya ƙare, ƙarshe fim ya fito dishi-dishi, har da tambarin manhajar a gefe. A ganina wannan zalunci ne ga wanda ya ɓata watanni yana daidaita aikinsa. MKVToolNix, Avidemux da LosslessCut duk kyauta ne, kuma suna liƙa kashi na biyu a bayan na farko cikin 'yan mintuna ba tare da sun taɓa ingancin hoto ba. A MKVToolNix a kula sosai: a sa fayil na farko, sannan a zaɓi umarnin liƙa na biyu a bayansa, domin idan aka ƙara shi a matsayin sabon fayil, hotuna biyu ne za su zauna daban-daban a cikin fayil ɗaya, fim ɗin kuma ya tsaya a rabi. Sharaɗin liƙawar shi ne kashi biyun su dace a salon matsewa, faɗin hoto da yawan hotuna a daƙiƙa. Wanda ke tafiya a kan 25 ba zai zauna lafiya da mai 23.976 ba, murya za ta fara zamewa har baki ya riƙa motsi maganar na biye da shi. Manhajar MediaInfo na nuna waɗannan bayanai kafin a fara.

Wajen kunnawa, mutane da dama na canza .mkv zuwa .mp4 a suna, suna zaton sun juya fayil. MKV da MP4 mazubi ne kawai. Abin da ke ciki shi ne magana. Idan murya na fita amma allo baƙi ne, galibi an matse hoton da salon H.265 na 2013, tsohuwar talabijin ko dikodar kuwa H.264 kaɗai ta sani. Idan hoto na tafiya shiru, sautin DTS ko E-AC3 ne na'urar ta kasa karantawa. A fara gwadawa da manhajar VLC, wadda ke zuwa da nata kayan karatu. A cikinta, a kwamfuta, maɓallan J da K na matsar da murya, G da H kuma na matsar da rubutun fassara. Shi fayil ɗin rubutun fassara, wato .srt, ya kamata ya ɗauki sunan fim ɗin daidai, a ajiye shi da tsarin UTF-8 don kada ɓ, ɗ da ƙ su rikiɗe. Wanda aka yi wa fim na asali ba zai dace da wanda aka sake tacewa ba, tunda an cire wasu wurare.

Sai batun ajiya da turawa. Kilen USB ko katin waya mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai giga 4, ko da fili ya rage. ExFAT ne mafita, amma a kwashe abin da ke ciki kafin a canza tsarin, a kuma tabbatar talabijin ɗin na karanta shi. Akwai kuma katunan jabu da ke nuna giga 64 alhali cikinsu bai kai haka ba, fim ya shiga kamar lafiya, ya ƙi buɗewa daga baya. Manhajar H2testw na tona asirinsu. Mai tura wa ɗan'uwansa a Njamena ta WhatsApp ya tura a matsayin takarda, wadda ke ɗaukar har giga 2, domin idan ya tura a matsayin bidiyo manhajar za ta matse shi.