Idan mota tana ja gefe ɗaya da zarar ka taka totur

Fara da gwaji a shimfiɗaɗɗen titi marar cunkoso, da sassafe kafin Kumasi ta cika. Taka totur, sannan ka ɗaga ƙafa. In jan ya tsaya da ka ɗaga, ka kama bakin zaren: jan yana da alaƙa da ƙarfin inji. Ka tuna a Ghana dama muke bi, titi kuma yakan ɗan karkata wajen kwata, don haka 'yar karkata dama kaɗan ba ciwo ba ce.

Daga nan sai wajen mai faci. A auna iskar tayoyin gaba tun suna da sanyi, a bi adadin da ke jikin ƙofar direba. Bai daina ba? A musanya tayar hagu da ta dama. In jan ya koma ɗaya gefen, taya ce.

In kuwa yana nan, kai motar Suame Magazine, unguwar makanikai a Kumasi, a ɗaga ta. A duba bushin ɗin ƙafar gaba, wato robar da ke mahaɗar ƙafar da jikin mota, da robobin da ke riƙe da inji, nan na fi zargi, domin roba in ta tsage ƙafar takan goce lokacin da inji ya ja. A duba shaf ma, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Kada ka yarda a yi maka alaimen, wato daidaita saitin tayoyi, kafin a canza abin da ya lalace, asarar kuɗi ce. Bayan gyara a yi shi, ka sake gwaji a titin farko.