Kumburi a ƙarƙashin ledar sitika: kurakuran masu haɗa ƙananan motoci da jirage

Masu haɗa ƙananan motoci da jiragen roba, irin na kamfanonin Tamiya ko Revell, sukan ɗauka cewa ledar sitika za ta rufe duk wani aibin da ke jikin aikin. Sam ba haka ba ne. Kaurin ledar bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, don haka duk abin da ta hau sai ta fito da shi, kuma a motar da aka ƙera a ma'aunin 1/24, wato kashi ɗaya cikin 24 na girman motar gaske, tudun rabin milimita daidai yake da na milimita 12 a jikin motar gaske.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne danne kumburin da ƙarfi tun ba a gano musabbabinsa ba. A fara taɓa shi da bayan farce. Idan ya lotsa ko ya gusa gefe, iska ce. Idan kuwa yana da tauri da ɗan tsini, to ƙwayar rairayi ce ko tabo a jikin robar. Iska ba ta da wuyar sha'ani: a huda gefen kumburin da siririyar allura, a kora ta zuwa hudar da katin roba naɗe da tsumma mai laushi. Tsagawa da reza ɓarna ce, domin leda tana tsukewa a hankali, tsagar kuma sai ta buɗe baki.

Tabon roba shi ne mai cin lokaci, kuma babu dabarar da za ta kawar da shi sai an ɗaga ledar. Yawanci ragowar wurin da aka yanke ɓangaren ne, ko layin da mazubin masana'anta ya bari, ko ɗigon gam da ya bushe. A nan mutane ke ɗauko sanfefar kafinta mai kaushi, lamba 80 ko 120, su share tudu ɗaya su bar ƙarce ɗari. Abin da ya dace shi ne a fara da lamba 400, a bi da 600, a ƙare da 1000, ana jiƙawa da ruwa, sannan a naɗe sanfefar a ɗan katako shafaffe, saboda yatsa yana da taushi, yakan bi tudun ya sauka maimakon ya cinye shi. In an gama, a haska fitilar waya daga gefe, kusan kwance da aikin; inuwa za ta nuna abin da ya rage.

Inda aka cike rami da mastik, wato ƙullun cike rami, a bar shi ya kwana ya wuni, domin yana raguwa yayin bushewa. Haka ma fenti: idan bai gama fitar da tururinsa ba, ledar za ta kwanta sumul yau, gobe a tarar da ƙananan ƙuraje.

Mu a Damagaram ƙura ce babbar matsala, musamman lokacin hunturu, ga shi leda na jan ƙura da zarar an ɓare takardar bayanta. A rufe taga, a kashe fanka, a yayyafa ruwa a daɓen ɗaki. A goge jikin aikin da alkol na famasi, amma a gwada a ɓoyayyen wuri idan da fenti. Ruwan cire jan farce kuwa kada ya kusanci robar, narkar da ita yake yi.

Zafi ma yana da nasa. A watannin Afrilu da Mayu, da rana ke haura digiri 40, gam yana cafkewa tun ba a daidaita ledar ba, shi ya sa aikin sassafe ya fi. A lanƙwasa, iskar na'urar busar da gashi ta wadatar, daga nesa kuma a taƙaice, domin siririn fiffiken jirgi yana karkacewa tun kafin ledar ta nuna alamar wahala. Idan ƙwayar rairayi ta maƙale a gam, a ɗauke ta da bakin allura. Ledar da aka ɗaga har ta miƙe ko gam ɗinta ya dushe, a yar da ita a yanko sabuwa.