Kurakuran sababbin masu bincike wajen buga maƙala a mujallun da ake karantawa kyauta

Na gaji da ganin ɗaliban digiri na biyu da na uku a fannin tarihi, adabi da harshe suna faɗawa rami ɗaya, shekara bayan shekara.

Mafi muni shi ne amsa gayyatar da ta shigo ta imel. Wata mujalla ta yi ta koɗa ka, ta ce in ka biya za ta buga maka cikin mako biyu. Haba! Wane masani ne zai tace maƙala kan waƙar baka ko tsohon rubutun hannu cikin mako biyu? Irin waɗannan mujallu ne Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Amurka, ya riƙa tona wa asiri a wani jeri da yake wallafawa, har ya rufe shi a 2017. Wata irinsu ta taɓa cinye mini aiki: kwamitin ƙarin girma ya ƙi lissafa maƙalar, mujallun kirki kuma ba sa karɓar abin da aka riga aka buga. Ga kuɗi sun tafi, ga bincike ya mutu a tsaye. Yanzu sai na nemi sunan mujalla a DOAJ, kundin tantattun mujallun da ake karantawa kyauta, wanda aka kafa a Jami'ar Lund ta Sweden a 2003. Daga nan in ɗauki edita ɗaya in leƙa shafin jami'arsa, in ga ko shi ma ya san da zamanta. Wasu sace sunayen malamai kawai suke yi.

Sai sa hannu a yarjejeniya ba karatu. Malam, kai da aikinka sharhin matani, ka kasa karanta shafi biyu? Ka miƙa haƙƙin mallaka, gobe ka ɗora bugun mawallafi a Academia.edu, a sa ka sauke. Wannan shafin kamfanin kasuwanci ne, ba ma'ajiya ba. Ni kwafin ƙarshe da aka amince da shi nake adanawa, in duba wa'adin jira da mawallafi ya gindaya kafin a saki maƙala, in sa shi a ma'ajiyar jami'a ko Zenodo, wata ma'ajiyar bincike ta kyauta a intanet.

Wasu na zaton dole sai an biya. Yawancin mujallun DOAJ ba sa karɓar ko sisi daga marubuci, haka ma mawallafin mujallu Open Library of Humanities tun 2015.

Lasisin CC BY, wanda ke barin kowa ya yi amfani da maƙalarka muddin ya ambaci sunanka, bai ba ka ikon hoton da gidan tarihi ya mallaka ko baitocin wani mawaƙi ba, nemi izini tun kana rubutu. Ka kuma buɗe ORCID, lambar shaida ta mai bincike, musamman in ana rubuta sunanka iri-iri.